Lamba 2 ce Ke Fara Mutuwa

Teburinsa bai fi tabarmar sallah tsawo ba. Yana ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin hanya a Farin Dutse, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da fetur a kwalba. Injiniya ake ce masa, yara da manya har da liman, alhali bokonsa bai wuce sakandare ba. A kan teburin akwai mita, da ƙarfen liƙi wanda su a bakinsu ayon ne, da ƙullin dalma, da hantsaki, da reza, da kwalbar sifirit, da wani buroshin goge baki da gashinsa ya baje don wahala. Amma jarin rumfar na gaske yana ƙarƙashin tebur, cikin tsohon bokitin fenti. Matattun wayoyi ne maƙil, waɗanda masu su suka haƙura suka bar masa. Daga cikinsu yake ciro kunne ya dasa wa kurma, ya ciro baki ya ba bebiya.

Ƙaramar wayata na kai masa, irin mai tocila, wadda samari suka laƙaba wa wani suna da ba zan rubuta a nan ba. Ina da babba, amma duk wanda ya zauna inda wuta ke zuwa sai ta ga dama ya san abin da ya sa ba a rabuwa da ƙarama. Caji ɗaya ya kai ka kwana uku ko huɗu. Ta faɗi ta tarwatse, ka tsince murfi da batir ka haɗa, ka ci gaba da maganarka. Ban gama gaisuwa ba ya karɓe ta, ya juya ta a tafin hannu, ya shafa fuskarta da babban yatsa.

"Malam, lamba 2 ce ko?"

Ita ce kuwa. Sai na murje ta kamar mai kashe kaska kafin ta amsa. Na ce masa ashe har duba yake taɓawa. Ya yi dariya ya ce ba duba ba ne, Hausa ce.

A ƙaramar waya, haruffa 26 aka cusa cikin madannai takwas. Lamba 2 ta ɗauki A, B, C. Lamba 3 ta ɗauki D, E, F. Haka har zuwa 9. Ya ce in faɗi kalmomi goma na Hausa, duk waɗanda suka zo bakina, in ga guda nawa ne babu wasalin a a cikinsu. Na fara: gida, ruwa, kasuwa, gona, mota, yara. A nan na tsaya, don na ga inda aka dosa. Kalmar baba kaɗai danni shida ce, duka a kan madanni ɗaya, kuma tsakanin harafi da harafi sai ka ɗan jira wayar ta haɗiye na farko kafin ka ba ta na biyu. Cikakkiyar sallama, assalamu alaikum, danni 31 ce idan ka haɗa da tazarar tsakiya. Tare muka ƙirga, yana dannawa ina lissafi. Wanda ya fara gutsure ta ya mayar da ita slm, danni 8, ba rashin tarbiyya ne ya dame shi ba, yatsa ne ya gaji.

Da irin wannan yake karanta mutum tun mutum bai buɗe baki ba. Wayar da tauraro da gidan dara suka koɗe, ta mai yawan tura kuɗi da duba asusu ce. Kuma tun da hukumar NCC ta daidaita gajerun lambobin kamfanonin waya a 2023, aka koma *310# don duba kuɗi da *311# don loda kati, lamba 3 da lamba 1 su ma sun shiga sahun wahala. Wadda koren madanni da ja suka cinye, ta saurayi ce mai filashin. Wadda 2 da 4 da 6 da 8 suka mutu tare, a gidan akwai yaro mai satar waya ya yi wasan maciji. Ta mai gadi da ta mai ban-ruwa da dare, madannin tocila ne ke fara sallama.

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Birnin Kudu, wajen Dutsen Mesa da Dutsen Habude inda zanen shanun mutanen da yake, ya ga duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Ba sai an nuna maka inda ake bugu ba. Gurbin yana nan ya lotsa ya yi sulɓi, hannu bayan hannu. Fuskar tsohuwar waya haka take, sai dai ita shekara biyu ta ishe ta.

Ya kwance ƙusoshi, ya sa farce ya ɓare kesin. Ashe abin da muke dannawa riga ce kawai, roba mai lambobi a jiki. Ƙarƙashinta akwai wata farar leda mai danƙo, an jera mata ƙananan faya-fayan ƙarfe masu doro, kowanne kamar ƙoƙo a kife, bai kai ƙwayar wake faɗi ba. Ƙarƙashin kowane ƙoƙo, a jikin fanel, akwai ɗigo mai ruwan zinare da zobe kewaye da shi, ba sa taɓa juna. In ka danna, doron ya lotsa ya haɗa ɗigo da zobe, wuta ta wuce, wayar ta san wa aka kira. In ka saki ya koma yadda yake. Ɗan ƙas ɗin nan da yatsa ke ji, ƙarfen ne ke lotsawa yana tashi.

Ciwon madanni, in ji shi, iri uku ne. Na farko datti, kuma shi ne abincin yau da kullum na rumfar. Shekararsa ma da shi yake ƙirga ta. Hunturu ya kawo ƙura mai laushi kamar garin tuwo, ta bi ta gefen roba ta kwanta tsakanin ƙoƙo da zinare. Bazara ta kawo gumi, gumi kuwa gishiri ne, shi ke haifar da tsatsar nan mai kore-kore. Damina ta kawo wayar da ruwa ya doke ta a aljihun manomi yana tsakiyar noma. Kaka kuma, da an sayar da riɗi da gyaɗa, ciniki ya koma wajen masu sayar da sababbi, shi ya ɗan huta. Sauran kuwa ba su da lokaci: man gyaɗa daga hannun mai ƙosai, kunun da yaro ya ɓarar, wayar da aka ƙulle a haɓar zane aka manta aka tsoma a wanki. Ga wadda ta faɗa ruwa, shawararsa ɗaya ce, kuma ya ce ba a bi: a cire batir nan take, kada a kunna don a ga ko tana yi. Wannan gwajin ne ke kashe ta. Masu binne ta cikin buhun shinkafa kuwa, ya ce su dai ɓata lokaci suke, ruwan da ya shige ƙarƙashin leda ba shinkafar da za ta bi shi can.

Tawa datti ne. Ya ɗaga ledar a hankali da hantsaki, ya ɗiga sifirit, ya bi da buroshi, sannan ya ɗauko abin goge fensir na 'yan makaranta ya murza zinaren lamba 2 har ya yi ƙyalli. Yaronsa, wani ɗan shekara goma sha biyar da ke zaune a kan benci da tasa wayar a buɗe, ya miƙa hannu zai ɗauki reza. Bai ko ɗago kai ba ya ce masa, "Ajiye. Sau nawa zan gaya maka?" Reza tana kankare datti da sauri, kuma mai waya ya tafi yana murna. Amma ruwan zinaren bai kai fatar albasa kauri ba. Ka kankare shi, jan ƙarfen da ke ƙasa ya fito fili ya yi tsatsa, bayan wata ɗaya mutumin ya dawo da ciwon da ya fi na da. A gari kamar Farin Dutse, inda wanda ka yi wa gyara yau shi za ka tarar a sahun gaba da asuba, irin wannan sauri ba riba ba ne.

Ciwo na biyu gajiya: ƙoƙon ya sha danni har doronsa ya kwanta. Wannan sai bokiti. A ɓamɓaro wani daga gawar da ba ta sha wahala ba a dasa.

Na uku shi ne mai raba Injiniya da ɗan koyo. Mutum ya zo ya ce 2 da 5 da 8 da 0 sun mutu rana ɗaya, alhali sauran lafiya lau. Ba zai yiwu datti ya zaɓi layi ɗaya ya bi ba. Dalili shi ne ba a ja wa kowane madanni hanyarsa shi kaɗai ba. An saƙa hanyoyin ne kamar zana, wasu a tsaye wasu a kwance, kowane madanni yana zaune a mahaɗar biyu. In sili ɗaya ya tsinke, duk waɗanda ke kansa sun tafi tare, kuma waɗanne ne ke tarayya ya danganta da ƙirar wayar. A nan mita ke aiki. Ya ɗora tsinke ɗaya a zoben wannan, ɗaya a zoben wancan, yana sauraron ƙara. Inda mita ta yi shiru, nan hanya ta yanke. Sai ya zaro silin jan ƙarfe da bai kai gashin kai kauri ba, ya shafa masa dalma, ya yi gada daga lafiyayyen wuri zuwa matacce. Jampa ke nan. Wutar ayon daga batirin sola take zuwa, don haka ba ya kunna shi sai ya gama shirya komai, kuma lokacin da yake liƙin ba ya amsa ko sallama.

A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya koya. Shekarar farko, in ji shi, shara ce da sayo wa oga abinci da kallo. Ba a ba shi ayon ba sai da ya iya kwance waya ya mayar ba tare da ƙusa ta yi saura ba. Har yau can kayansa ke fitowa. Ya kira abokinsa, a ɗaure kaya a leda a ba direba a tasha, su biyo ta Wudil da Birnin Kudu su iso shi. Kayan su kuma daga Shenzhen da Guangzhou na ƙasar Sin 'yan kasuwa ke kawo su. Wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta game ƙauyuka, kuma manya a nan suna tuna lokacin da sai an hau dutse ake samun sabis. A duk wayoyin da suka bi ta hannunsa, Nokia 1100 yake wa kirari. Ta fito a 2003, an sayar da fiye da miliyan 250, kuma an yi fuskarta ne da roba shimfiɗa ɗaya don kada ƙura ta samu kafa. Ya ce wanda ya zana ta ya san akwai hunturu a duniya. Yanzu Itel da Tecno ne suka cika aljihuna, da layi biyu da batir mai jimiri, kuma kayansu ba sa wuyar samu. Waɗanda yake ƙi su ne marasa asali, masu suna yau daban gobe daban, waɗanda fentin lambobinsu ke gogewa kafin a ci kasuwa huɗu, a bar mai waya yana lalube.

Jerin lambobin kansa ba daga sama ya faɗo ba. A cibiyar bincike ta Bell a Amurka aka tsara shi, ƙarƙashin wani masani John Karlin, haifaffen Johannesburg. Sun gwada mutane da jeri iri-iri, har da na da'ira, kafin su tsaya a kan 1, 2, 3 a sama, aka fara amfani da shi a 1963. Kalkuleta kuwa ta riƙe gadon injinan lissafi, 7, 8, 9 ne a samanta. Injiniya bai san Karlin ba, amma ya san ɓarnar wannan saɓani. Ya ba ni labarin wani mai sayen hatsi a kasuwar Sara da ya zo yana rantsuwa wayarsa tana canza masa lamba, ya nufi 1 ta ba shi 7. Aka buɗe, ba abin da ya same ta. Mutumin wuni yake yana buga kalkuleta ba ya kallo, in ya koma waya yatsa ya bi tsohuwar hanya. Ɗan ƙurjin nan da ke kan lamba 5 kuma don masu lalube aka yi shi: in yatsa ya same shi, ya san inda sauran suke. Makafi da tsofaffi masu hakiya shi ne jagoransu, shi ya sa in ya canza wa irinsu roba sai ya shafa ya tabbatar sabuwar tana da shi.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan zance shi ne lanƙwasa. Hausar boko tana da ɓ da ɗ da ƙ, mutanen Nijar kuma suka ƙara da ƴ inda mu muke rubuta 'y. Tun shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da waɗannan haruffa, kuma ba ado ba ne. Fada daban faɗa daban. Baki daban baƙi daban. Ka rubuta wa mutum cewa matarsa ta yi bari, ya zauna yana tunanin me ta bari. Amma duk na'urar rubutu da ta shigo ƙasar nan ba da su ta zo ba. Masu buga tafireta sai sun zare takarda su bi da biro suna ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta zo, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1990, wasu ma suka yi nasu. Dabarar ita ce a ƙwace wa madannin da Hausa ba ta bukata aikinsa a ba shi wani. Hausa ba ta da q, ba ta da v, ba ta da x, don haka a wani zubin q ta zama ƙ, v ta zama ɓ, x ta zama ɗ. A wani kuma alamomin baka aka aura wa aikin. Ya yi amfani ƙwarai, littattafai da jaridu da kundayen digiri sun fita da shi. Illarsa ɗaya: in takardar ta je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai asiri ya tonu. Shi ya sa har gobe za ka ci karo da qasa da xalibai da vangare a intanet, ko }asa da ]aya, ka ɗauka mai rubutun ne ya sha wani abu.

A ƙaramar waya kuwa abin ya wuce rashin madanni, ya zama tara. Saƙon tes yana ɗaukar harafi 160 muddin ka tsaya cikin jerin haruffan da Turawa suka tsara wa GSM. A cikin jerin akwai é ta Faransanci, akwai ñ ta Sifaniyanci, akwai ü da ß na Jamusanci, har da wasu haruffan Girkanci. Babu ƙ. In wayarka ma ta iya fito da ita, ka saka ta sau ɗaya tak, duk saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai. Abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗi ya ninka. Malamanmu na Hausa suna yawan ɗora wa matasa laifin kashe ƙa'idar rubutu, kuma ban ce matasan ba su da nasu ba. Amma tsara guda ta koyi rubuta Hausa ne a kan na'urar da ke cin ta tara in ta rubuta daidai. Har xan xo ɗin nan da ke sa dattawa tsaki, Injiniya yana da fassararsa: z tana can ƙarshen lamba 9, danni huɗu, x kuwa danni biyu. Zan zo danni 15, xan xo danni 11. Ƙananan wayoyin sun ja baya a hannun 'yan mata da samari, x ta zauna daram, har a littattafan da ake rubutawa a WhatsApp.

Zamanin BlackBerry ya taɓa shi kaɗan, don a nan sai 'yan boko da 'yan siyasa suka riƙe ta. Cikakken allon haruffa ne a faɗin tafin hannu, jerin QWERTY wanda Christopher Sholes ya tsara wa tafireta, kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Kowane harafi da gidansa, ba jira. Kamfanin BlackBerry ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa a Janairun 2022, kuma akwai biyu a bokitin fenti, ya ce ba ya iya yar da su. Inda jerin haruffa ke kawo masa aiki yanzu shi ne ƙananan laftof 'yan Beljiyam da ɗalibai ke saye. Wata ɗaliba ta kawo tata tana cewa ta haukace, in ta rubuta zan zo sai ta ga yan yo. Daga Jamus na'urar ta fito, inda Z da Y suka yi musayar gida, wanda ya sayar kuma ya ɗora mata tsarin Ingilishi. Jiki na faɗin abu ɗaya, ƙwaƙwalwa na faɗin wani. Ya ce mata ta zaɓa, ko a bi jiki ko a bi ƙwaƙwalwa. Ta ce ita dai abin da za ta tarar a ɗakin jarrabawar JAMB take so. Ya sa bakin sukundireba ya ɓalle murafun biyu ya sauya musu wuri, aiki ya ƙare. Wadda ta fito daga Faransa, ko ta biyo ta Nijar, ta fi wannan ban dariya. A jerin AZERTY gidan A da na Q ne suka sauya, kuma ka san matsayin a a Hausa. Baba ya koma Bqbq.

Akwai na'ura ɗaya da ba ya buɗewa ko nawa za a ba shi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, masu POS suka yawaita har a ƙauyuka. A irin mai madannai, sifili ne ke fara gajiya, don kusan kowane ciniki da sifili uku yake ƙarewa, sai koren madanni na amincewa. Masu ita sukan zo su ce ya ɗan goge musu kamar yadda yake yi wa waya. Ya goge waje, ya busa, ya tsaya nan. An gina ta ne da 'yan gadi a ciki saboda lambar sirrin mutane: da ta ji an raba jikinta sai ta share mabuɗanta ta kulle kanta, ba mai tashinta sai kamfani. Ya ce akwai masu gyaran da suka koyi wannan da kuɗin aljihunsu.

Babbar waya ba ya ƙinta, ita ke kawo kuɗi mai kauri. Amma ya ce yawancin aikinta canji ne ba gyara ba: gilashi ya fashe, a cire a sa wani. Madannai uku kawai suka rage mata a gefe, na kunnawa da na ƙara murya da na ragewa. In na kunnawa ya mutu kuma babu irinsa a kusa, yakan ciro na rage murya ya dasa a gurbinsa, ya nuna wa mai ita yadda zai rage murya daga kan gilashi. In mutum ba shi da ko kuɗin wannan, ya shiga saiti ya kunna masa taɓawa biyu don farkar da ita. Abin da ya burge ni shi ne, allon haruffan da ke kan gilashi ba ya koɗewa, kuma ba a ƙera shi da ƙarfe ba balle a ce haka ya zo. A Gboard akwai Hausa. Ka ɗan riƙe k, ƙ ta fito. Haka b, haka d. WhatsApp ba ya ƙirga maka harafi. Malaman firamare da ke zuwa wajensa yakan saka musu shi kyauta, wasu su yi godiya su yi amfani da shi, wasu bayan mako ya ga saƙonsu da q. Ni kam a nan uzurin ya ƙare mini. Tarar da ta sa aka yar da ƙugiya an ɗage ta tuni.

Ya mayar da ledata, ya ɗaure ƙusoshi, ya miƙo mini ya ce in rubuta baba. Ta tafi sumul. Ina laluben aljihu sai ga wata tsohuwa ta iso da sanda, jikanta na biye da ita riƙe da kwali.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

"Inna, sannu da zuwa. Da kin aiko ai, da na zo har gida."

Ta kwance haɓar zane ta fito da tsohuwar wayarta, an ɗaure ta da kyauron roba, ta daina kawo wuta sam. Sabuwar tana cikin kwalin. Abin da ya kawo ta, a mayar mata da 'ya'yanta gidajensu. Ba ta karatun boko, ba ta shiga jerin sunaye. Kowane ɗa yana da lambarsa: ta danna ta riƙe, waya ta kira shi. Lamba 1 ba ta saituwa, ta saƙon murya ce, saura takwas. Ya sa layin a sabuwar, jikan yana karanto sunaye. Lamba 2 ta ƙaninta. Lamba 3 ta 'yarta da ke aure a Basirka. Lamba 5 mai ƙurji ta Auta ce, don ko cikin duhu ta same shi. Aka zo kan ɗanta na fari, wanda ke kasuwar Dawanau a Kano. Jikan ya faɗi sunan, ta kawar da kai.

"Inna, shi fa? A ina za a sa shi?"

"Wancan? Sa shi can ƙasa inda yake. Me zan ce masa."

Ya saita shi a 9. Ya ɗauko kwalbar jan farce ya ɗiga wa 3 ɗigo ɗaya, ya ɗiga wa 2 ɗigo biyu, kamar yadda ya yi mata a tsohuwar. Kafin ya jefa tsohuwar cikin bokiti ya juya fuskarta, ni ma na leƙa. Lamba 2 tana nan da fentinta, 5 ta ɗan dushe. A gurbin 9 babu lamba babu harafi, robar ta lotsa ta yi sulɓi har farin ƙasa ya fito. Bai ce komai ba. Ya sake buɗe sabuwar wayar, ya zaɓo ƙoƙo mafi tauri a bokitin ya ajiye a cikin murfin kwalba, ya ce wa yaronsa ya rubuta a jiki: na Inna, lamba 9.